Zayyana da fassara bayan rayuwa ta juya: sana'a ce ko ɗauke kewa?

Maman_Abdul:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta na wasu, yau dai ni ce da tambaya, kuma ina roƙon waɗanda suka san aikin su amsa min tsakani da Allah.

Maigidana ya rasu bara. Sana'arsa zayyana a kwamfuta: katin biki, kalanda, fosta, allon shago. Ni kuwa Turanci nake koyarwa a wata makarantar kuɗi, na ajiye aikin tun yana jinya. Da na fita takaba na dawo gidan yayana a Unguwar Dosa nan Kaduna da yarana biyu. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta kawo min takardar bayanin hawan jinin masu ciki, da Turanci aka buga ta, ta ce matan da ke zuwa awo karɓa kawai suke yi su ninke su cusa a jaka. Na mayar mata da ita Hausa, na buɗe kwamfutar marigayi na tsara ta da ɗan abin da na tsinta lokacin da nake zama kusa da shi yana aiki. Tun daga nan ban tsaya ba. Na yi wa wata Islamiyya takardar sakamako, na yi wa mai sabulu takardar jikin kwalba, wasu tsofaffin abokan cinikinsa ma sun fara kirana.

Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amma duk sanda na zauna kan aikin sai in ji ni mutum ce mai amfani. Yaya yana ganin kewa kawai nake ɗaukewa, ya ce in koma aji inda ake biya ƙarshen wata. Shin akwai wanda wannan aikin ya riƙe shi lokacin da rayuwarsa ta juya? Sana'a ce da zan dogara da ita, ko ɓuya nake yi a cikinta?

Ɗan_Rigasa:
Allah ya jiƙansa da rahama, ya raya abin da ya bari. Hajiya, ni dai ina bayan Yaya. Marayu biyu, ga kuɗin makaranta, ga tsadar abinci. Natsuwar zuciya abu ce mai kyau, amma ba a auno mudun masara da ita. Ki koma koyarwa, wannan ki riƙa yinsa da yamma da ranakun hutu.

Binta_Malali:
Allah ya gafarta masa, ya ƙara miki haƙuri. Ɗan_Rigasa, ka san abin da ƙananan makarantun kuɗi ke biyan malamai kuwa? Ni na yi. Kuɗin Keke Napep kaɗai yake kusan cinye albashin, ka wuni a tsaye, ka dawo da tarin littattafan dubawa. Wace yammar ce za ta rage mata?

Baba_Kakuri:
'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa Aljanna ce makoma. Jikana ne ke rubuta min wannan ina faɗa masa, idona ba ya ɗaukar rubutun waya.

Ni mai zanen atamfa ne. A ɗakin zane na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri na yi ƙuruciyata har furfura ta fara fito min. Lokacin babu kwamfuta, takarda ce da fensir da siririn buroshi. Za ka zana fure ɗaya, amma sai ka lissafa yadda gefensa na dama zai haɗu da na hagu, na sama ya haɗu da na ƙasa, domin inji maimaita shi zai yi ta yi har turmi ya ƙare. In ka kauce ko yaya ne, layi zai bi jikin zanen tun daga farko har ƙarshe, kuma mace tana hango shi tun daga nesa. Bayan nan sai a raba launuka, kowane launi da takardarsa, domin kowanne daban ake buga shi. Mu lamba muke ba zane. Matan kasuwa su ke raɗa masa suna, kuma sau da yawa sunan ne ke sayar da shi.

Da aka rufe masaƙa, albashi ya tafi, kuma dalilin tashi da sassafe a yi wanka a fita shi ma ya tafi. Wannan na biyun ya fi ciwo. Na ga abokan aikina, magidanta masu mutunci, wasu sun koma acaɓa, wasu sun koma ƙauye, wasu hawan jini ya kwantar da su. Ni zaman ƙofar gida na kama. Wanda ya tashe ni wani tela ne a Kasuwar Barci, ya ce in zana masa aikin wuyan riga da zai ba masu ɗinkin hannu. Abin da ya biya ni bai wuce na cefanen yini ba, amma hannuna ya koma riƙe fensir, kuma da shi na aurar da 'ya'yana mata.

Kada ki auna aikin da daɗin da kike ji in kina yinsa, domin mai baƙin ciki kome ya kama zai ji ɗan sauƙi. Ki auna shi a wajen wanda ya karɓa. Matan awon nan, sun daina ninke takardar? Ki je ki tambaya.

AbuSafiyya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Don matasan zaure da ba su riski zamanin ba: a 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila. A shekarun 1960 sai ga Arewa Textiles da United Nigerian Textiles (UNTL) da Nortex. Kakuri da Makera da Nasarawa masaƙun nan ne suka cika su da jama'a. Shigowar yadi mai arha daga waje, rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai suka taru suka durƙusar da su. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Mutum irin Baba taska ne, ya kamata a je a ɗauki bayaninsa a ajiye a Gidan Arewa.

Zee_Zayyana:
Anti, Allah ya jiƙan oga. Ni ma aikina ke nan, shagona yana Kawo. Abin da kike da shi ba kowa ke da shi ba. Yawancinmu mun iya kwamfuta amma Hausarmu ta rubutu ba ta da kyau, masu Hausa mai kyau kuma ba su iya tsara shafi ba. Ke kin haɗa biyun.

Ga abubuwan da za su cece ki daga asara a madaba'a. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon haruffa ke da su ba. Za ki ga sun fito daidai a wajenki, ki kai wurin bugu a buɗe a wata kwamfutar sai su zama ƙananan akwatuna, ko kuma harafin ya fito da wani salo daban ya yi tsuru a tsakiyar kalma. Ki nemi salon Noto na Google, ko Charis da Andika na SIL, wata ƙungiya mai aiki kan harsuna, duk kyauta ne kuma suna da haruffan. In manhajar zane ta CorelDRAW kike amfani da ita, kafin ki kai aiki ki mayar da rubutun ya zama zane, Ctrl da Q, amma ki ajiye kwafi ɗaya da ba ki mayar ba saboda gyara. Launi kuma a CMYK, tsarin launin madaba'a, za ki tsara, ba RGB na fuskar kwamfuta ba, in ba haka ba shuɗin da ya burge ki a fuskar kwamfuta zai fito a dushe. Sannan Hausa ta fi Turanci cin wuri a shafi. In an ba ki tsarin da aka yi da Turanci aka ce ki zuba Hausa a ciki, tun farko ki faɗa musu sai an sake tsarin, kada ki yarda a matse haruffa.

Malam_Badarawa:
Allah ya rahamshe shi. Akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma ya fi kome nauyi a wurina. Kwamfutar ta marigayi ce, wato ta shiga gado. In rabon yaran ce, dukiyar marayu ce, ba a amfani da ita haka kawai ko da mahaifiyarsu ce. Ba tuhuma nake yi ba Malama, tunatarwa ce. A tuntuɓi malamin da ya raba gadon.

Maman_Abdul:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. An yi wannan tun ranar rabo. An yi mata kuɗi a gaban baffan yaran, aka sa ta cikin tumunin takabata, na cika abin da ya hau.

Baba, maganarka ta shige ni. Na tambayi maƙwabciyar tawa. Ta ce wasu har yanzu ninkewa suke yi, amma an samu waɗanda suka dawo da tambaya kan abin da ke cikin takardar, abin da ba a saba gani ba. Ta ce wata ta zo da mijinta, shi ya karanta mata a gida ya ce sai sun dawo an sake gwada jininta.

Nas_Hauwa:
To kin ga ni nan ne abin ya shafe ni. A ɗakin haihuwa nake aiki. Alamomin da ake so mai ciki ta sani ba su da yawa: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki. In an yi sakaci jijjiga ce ke biyowa baya, kuma tana kashe uwa da ɗa. Macen da ta gane waɗannan ta zo da wuri, an gama rabin aiki.

Amma Anti, takardar lafiya ba katin biki ba ce. Kada ki saki ko ɗaya sai ma'aikacin lafiya mai jin Hausa ya duba. Hanyar da na ga masu aikin da kyau suna bi ita ce, a ba wani daban wanda bai taɓa ganin ta Turancin ba ya mayar da Hausarki Turanci, sai a gwama a ga inda ma'ana ta zame. Bayan nan a karanta wa mata biyar ko shida a benci, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Kuma ki tuna da yawansu ba su za su karanta ba, yaro ɗan firamare ne ko miji zai karanta musu. Jimla gajera, haruffa manya, hoto wanda ya yi kama da matanmu.

Ɗan_Rigasa:
Ina jin ku. Amma ku faɗa mata gaskiya game da inda duniya ta dosa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, yanzu kuma ga waɗannan na'urori masu rubutu da zane da kansu. Yaro da waya yana yin katin biki a manhajar Canva cikin minti kaɗan. Nan da 'yan shekaru wa zai biya ta?

Zee_Zayyana:
Katin biki kam ya yi arha, ban musa ba, na rasa kwastomomi a nan. Amma ka ɗauki takardar da Nas_Hauwa ta bayyana ka zuba wa na'ura, ka buga dubu ka raba wa masu ciki ba tare da mutum ya duba ba. Za ka yarda matarka ta bi abin da ke ciki? Aikin da ke zuwa min yanzu ma har da gyaran abin da na'ura ta fassara, kuma wani lokacin gyaran ya fi sabon aiki wuya.

Kawu_Yohanna:
Sannu da haƙuri 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Ni ban iya zane ba, amma ta ɓangaren fassara ina da abin faɗa.

A Tudun Wada aka haife ni, a nan na girma. Bayan rikicin 2000 muka haye kogi muka koma Sabon Tasha, kamar yadda wasu suka hayo daga can zuwa nan. Gida ya tafi, maƙwabtan da muka tashi tare ba mu ƙara haɗuwa ba. Na yi shekaru ina jin nauyin yin Hausa, domin duk sanda na buɗe baki unguwarmu nake tunawa.

A cocinmu fasto da Turanci yake wa'azi, tsofaffin mata kuwa, yawancinsu daga kudancin jihar nan, ban da yarensu Hausa kawai suke ji. Aka ce in riƙa tafinta. Za ka tsaya gefen mai wa'azi, ya faɗi jimla ya dakata, numfashi ɗaya gare ka ka fitar da ita. Babu ƙamus, babu komawa baya. Fuskokin iyayen nan da ke bencin gaba nake kallo. In na ga sun gyaɗa kai na san saƙo ya isa, in na ga sun yi shiru suna kallona sai in sake ta wata hanyar. Hausar da nake yi musu hidima da ita, a zauren maƙwabtanmu Musulmi na koye ta, wurin wani dattijo da ke ba mu labari bayan sallar isha'i. Ta wannan aikin na daina jin zafin tuna Tudun Wada. Ba a biyana ko sisi, gyaran mota nake ci da shi, don haka ba zan ce miki ki dogara da shi ba. Amma kalmar ɓuya da kika yi amfani da ita, ni ban yarda da ita ba. Mai ɓuya ba ya damuwa da ko wata tsohuwa ta gane.

Binta_Malali:
Kawu, wallahi ka sa ni hawaye. Gidanmu ma a Kakuri yake kafin lokacin, mu muka hayo nan.

Alaramma_TudunWada:
Kawu Yohanna, Tudun Wada tana nan, ƙofa a buɗe take in ka tashi zuwa. Abin da ka bayyana mu ma muna da shi a tafsiri. Mai jan baƙi ya karanto aya, malam ya fassara wa jama'a. Da haka Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru a Masallacin Sultan Bello, Rediyon Kaduna na ɗauka har ƙauyukan da ba su taɓa ganinsa ba, sannan ya rubuta fassarar Alƙur'ani da Hausa. A 1987 aka ba shi kyautar Sarki Faisal. Garin nan ba baƙon fassara ba ne.

Ita ma zayyana ba da kwamfuta ta zo ba. In yaro ya sauke, allonsa ake yi wa zayyana da tawada mai launi, a zagaye rubutun da ado, ya ɗauka ya kai wa dangi su sa masa albarka. Ni nake yi wa ɗalibaina. Bayan rasuwar mahaifina, wanda a hannunsa na koya, allon saukar da ya bari bai ƙarasa ba ni na ƙarasa. Malama, in akwai aikin da maigidanki ya karɓa bai kammala ba, ki kammala wa masu shi. Sauke masa nauyi ne.

Sadiq_Mando:
Ai ko ofishin fassara na farko na Turawan mulki a nan Kaduna aka kafa shi, shi ya sa garin ba baƙon fassara ba ne.

AbuSafiyya:
A'a Sadiq, ba a Kaduna ba. Hukumar Fassara a Zariya ta zauna tun farkon shekarun 1930 ƙarƙashin Bature Rupert East. Ita ce ta shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin, daga nan aka jawo shi Zariya, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Kamfanin Gaskiya da ke Tukur-Tukur a Zariya kuma a 1945 aka kafa shi. Haruffa masu ƙugiya da Zee ke magana a kansu ma a shekarun 1930 ɗin nan suka zauna a rubutun boko. Kawu Yohanna zai ƙara da cewa Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932 ya fito, kuma Dokta Miller, ɗan mishan na Zariya, yana cikin waɗanda suka yi aikin. Abin da Kaduna ke tinƙaho da shi rediyo ne tun 1962, da jaridar New Nigerian tun 1966.

Maman_Abdul, ki lura Imam ma aji ya bari ya koma rubutu. Sai dai shi albashi ya tarar a can, kada in ɓoye wannan don Ɗan_Rigasa zai faɗa.

Sadiq_Mando:
Na gode da gyara Malam.

Anti_Barnawa:
Ƙanwata, kowa yana maganar aiki, ni ke nake tambaya. Kina barci? Kina cin abinci? Ko sai yara sun kwanta ki buɗe kwamfutar har kiran assalatu? Ni ma na yi takaba. Ɗinki na kama, na yi ta ɗinki ba dare ba rana, kowa na yaba min juriya, ashe ciwon yana nan yana jirana. Sai da ya kwantar da ni. Ba cewa nake ki bari ba. Amma in aikin ya zama shi ne kawai lokacin da kike samun sauƙi, in an rufe kwamfutar duniya ta yi miki duhu, to ki samu wanda za ki yi magana da shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, ana ganin masu damuwa da rashin barci, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Wataƙila abin da Yayanki ke hangowa ke nan bai san yadda zai faɗa ba.

Maman_Abdul:
Anti, Allah ya bar zumunci. Da farko haka ne, dare nake raba wa. Akwai ranakun da ba aiki nake yi ba ma, ayyukansa na baya nake buɗewa ina kallon yadda ya jera abubuwa, inda ya bar fili, launin da yake so. Yanzu na rage, na mayar da aikin safe bayan yara sun tafi makaranta. Amma na ji maganarki kuma zan riƙe ta.

Alaramma, akwai kalandar wata ƙungiyar mata da ya fara. Na ƙarasa na kai musu. A nan ne na gane hannuna daban da nasa. Shi yana son cika shafi da ado, ni kuma sai na ga ina rage abubuwa don rubutun ya fito. Na daɗe ina jin kamar laifi nake yi in na sauya masa tsari.

Baba_Kakuri:
Ba laifi ba ne 'yata. Wanda ya koya min zane, ni ma ban bi hannunsa ba, kuma da ya ga aikina murna ya yi. Ranar da kika fara sauya tsari da dalili, ranar kika zama mai sana'a.

Hajiya_Kasuwar_Gumi:
Ni 'yar kasuwa ce, bari in yi maganar kuɗi. Matsalar matanmu kunya. Za a ce “taimaka min”, ki kwana kina aiki, a ba ki godiya. Ki raba biyu. Na asibiti da na marayu in kin ga dama ki yi don Allah. Amma mai sabulu riba take ci da takardarki, dole ta biya, kuma rabin kuɗi kafin ki fara. Fassara kuɗinta daban, tsarawa kuɗinta daban, kada ki haɗe su a farashi ɗaya don ba za a ga wahalar ɗayan ba. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin data da na caji. Bayan wata shida ki ajiye littafin a gaban Yaya. Ko ya ba ki gaskiya ko ya ba shi.

Ɗan_Rigasa:
Wannan kam na yarda da ita. In littafin ya nuna aikin na ciyar da yaran, ni ne farkon wanda zai ce ta ci gaba. Amma kada ta yanke hulɗa da makarantar, ko darasin gida ne ta riƙa yi wa yara biyu uku. Abin da nake tsoro shi ne watan da aiki bai zo ba.

Ummi_Kabala:
Ni aurena ne ya mutu, na dawo gida da ɗa ɗaya. Lalle na koya, yanzu ni ke yi wa amare a unguwarmu. Ban san kome kan fassara ba, amma na san yadda ake kallon bazawara in ta zauna, da yadda ake kallonta in mutane na sallama suna nemanta da aiki. A gidan ma daraja ta sauya. Ki riƙe abinki.

Alaramma_TudunWada:
Nas_Hauwa ta ce mata da yawa ba sa karanta boko. Gaskiya ne, amma cikinsu akwai masu karanta ajami sarai, domin sun yi makarantar allo. Me zai hana a yi takardar fuska biyu, boko a gaba ajami a baya? Tsofaffinmu da ajamin jikin kuɗi suke gane naira. A 2007 aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire daga sabuwar naira 100, ya rage a 200 da 500 da 1000. Masu karanta shi ba su ƙare ba don an cire.

Zee_Zayyana:
Ana iyawa Alaramma. SIL suna da salon haruffa mai suna Alkalami, an yi shi ne a kan irin rubutun hannun Kano mai kauri da muka saba gani a Alƙur'anin warshu, akwai kuma Harmattan. Wahalar ita ce ba kowace manhajar zane ke jera rubutun dama zuwa hagu daidai ba, wasali na iya zamewa daga kan harafi. Wani lokacin gara a samu mai kyan hannu ya rubuta da tawada a farar takarda, a ɗauki hotonsa a saka.

Nas_Hauwa:
Ni ina da ɗan ja a nan. Ajami kowa da yadda yake rubuta shi, na Zariya da na Sakkwato ba lallai su zo ɗaya ba, kuma a maganar magani ba na son abin da za a karanta iri biyu. Ga bayanin alamomi zan yarda a gwada, amma ban da adadin ƙwaya.

Alaramma_TudunWada:
A rubuta adadin da lamba da kuma zanen ƙwayoyin, sauran bayani da ajami. Ni zan rubuta da hannuna kyauta in Malama ta turo Hausar, ke kuma ki gwada a bencin awo kamar yadda kika ce. In matan ba su gane ba a bari.

Maman_Abdul:
Zan turo in sha Allah, amma sai na fara neman izinin maƙwabciyar tawa tunda takardar wurin aikinsu ce. Hajiya, yau zan sayi littafin. Tambaya ɗaya ta rage min: fassarar da shafi ake yi mata kuɗi ko da kalma?

Zee_Zayyana:
Ƙungiyoyi da kamfanoni da kalma suke biya, kuma kalmomin Turancin da suka ba ki ake ƙirgawa, ki tabbatar an rubuta haka kafin ki fara. Mutanen gari kuwa shafi suka sani. Sai dai shafi shafi ne, wani layi goma ne wani a cike yake maƙil, don haka ki ga takardar da idonki kafin ki yanka farashi.

Hajiya_Kasuwar_Gumi:
Kuma gyara sau biyu ne a cikin kuɗin. Na uku sabon ciniki ne.

Sadiq_Mando:
Zee, don Allah wane allon rubutu kike amfani da shi a waya mai ƙ da ɗ? Nawa ba ya kawo su.

Zee_Zayyana:
Gboard. Ka shiga wajen harsuna ka ƙara Hausa ta Najeriya. In ba ka ga harafin a fili ba, ka danne k ko d ko b ka riƙe, mai ƙugiyar zai fito.